Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar TETFund Kan Majigin Da Ke Rataye A Zaurukan Lakca

Zuwa ga Mai Girma Babban Sakataren Hukumar TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu), Abuja, tare da shugabannin jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ayyuka kuma suna tafiya yadda ake so.

Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a sashen kayan koyarwa na wata kwalejin ilimi. Ba na koyarwa, ba na zama a kwamitin bayar da kwangila, ba a kuma neman sa hannuna a kan bauca. Aikina shi ne in saɓa tsani in hau silin duk lokacin da malami ya aiko ɗalibi da gudu cewa majigi ya ƙi kawowa. Daga saman tsanin nan ake ganin abubuwan da ba sa shiga rahoton da ake turo muku, su ne kuma dalilin wannan wasiƙa.

Ban zo da raini ba. Duk wanda ya san yadda manyan makarantunmu suke kafin harajin ilimi na 1993, wanda ya biyo bayan fafutukar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta 1992, ya san bambancin da aka samu. Tun da dokar 2011 ta mayar da tsohon asusun harajin ilimin ya zama TETFund, har zuwa 2023 da harajin ya kai kashi 3 cikin 100 na ribar kamfanoni, kusan duk wani sabon zauren lakca da mutum zai gani a harabar makarantar gwamnati akwai sunanku rubuce a bangonsa. A cikin zaurukan nan kuma an rataya majigi, an kafa farin allo mai naɗewa, wani wajen har da lasifika. Kuɗi kam an kashe su. Abin da nake roƙo a duba shi ne yadda ake lissafin nasarar aikin. Takarda tana nuna guda nawa aka sayo, guda nawa aka kafa, a ɗauki hoto ranar miƙa aiki, a rufe fayil. Babu wata takarda da na taɓa gani da ke tambayar guda nawa ne ke kunnuwa bayan shekara ɗaya.

Idan ka shiga zaure ka ɗaga kai, ɗaya daga cikin abu uku za ka gani. Ko dai farin akwati da ƙura ta mayar da shi launin ƙasa, ko wanda idan an danna shi sai ya yi ta ƙyafta jar wuta ba ya haska komai, ko kuma ƙarfen da aka rataya shi kawai da waya tana reto, na'urar an sauke ta tuntuni an kai sito. Na sha kwance majigi in tarar zanzaro ya yi gini a ƙofar da iska ke fita, ya toshe ta ruf da laka. Na sha tarar da ƙwan tsaka a jikin fanka. A rajistar kayan makaranta duk waɗannan suna nan da ransu, odita yana zuwa ya ƙirga su ya sa alama.

Bari in ɗan yi bayanin yadda na'urar take mutuwa, domin a nan ne maganin yake. Yawancin majigin da aka saya mana masu ƙwan fitila ne. Ƙwan nan ɗan ƙarami ne, cikinsa akwai zaiba a matse, kuma idan yana ci zafinsa ya wuce misali. Shi ya sa akwai fanka da ke hura masa iska muddin yana kunne, kuma a nau'o'i da yawa ko an kashe shi da rimot fankar takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci har ya huce. Kamfanonin da ke ƙera shi sukan ce ƙwan zai yi awa 2,000 zuwa 5,000, gwargwadon nau'i da yadda aka saita haskensa. A ɗauka zaure yana aiki awa 6 a rana, kwana 5 a mako, mako 30 a shekara: awa 900 ke nan. A takarda ƙwai ɗaya ya isa shekara biyu zuwa biyar. Amma wannan lissafin an yi shi ne don ɗakin da wuta ba ta yankewa. A wajenmu ana tsakiyar lakca za a ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, ƙwan yana nan da zafinsa. Bayan minti kaɗan a tayar da janareta, wuta ta dawo da ƙarfi, malami ya sake dannawa kafin ƙwan ya huce. A yi haka sau biyu ko uku a yini, a yi ta yi har ƙarshen zango. Babu ƙwan da zai kai rabin kwanakinsa a irin wannan hali, wani lokacin ma ba ƙwan ne ke fara tafiya ba, sashen da ke karɓar wuta ne ke ƙonewa.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu yana saukar mana da garin ƙura mai laushi, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta. Majigi kuwa aikinsa zuƙar iska, ba ya hutawa. Akwai ɗan soso a gefensa da ke tace ƙura. Idan ya toshe, iska ba ta shiga, zafi ya taru, na'urar ta kashe kanta don kare kanta. Malami ya ɗauka ta lalace. Alhali aikin minti biyar ne: a zare soson, a kakkaɓe, a mayar. Littafin da ke zuwa da na'urar yakan ba da tazara mai tsawo tsakanin gogewa da gogewa, amma a Kano ko Katsina ko Gusau cikin Janairu, wanda ya bi wannan tazarar ya kashe majiginsa. Wa aka ɗora wa alhakin hawa ya kakkaɓe? A yawancin wurare babu kowa. Inda akwai, kamar ni, tsani ɗaya ne a makaranta gaba ɗaya, shi ma masu gyaran wuta suna nema.

Zafi ma haka. Galibin waɗannan na'urori an rubuta a jikin takardarsu cewa iyakar zafin da za su yi aiki a ciki shi ne digiri 35 zuwa 40. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafin waje ma yakan haura 40, balle ƙarƙashin rufin kwano, inda zafin jikin ɗalibai ɗari biyar yake hawa ya taru, daidai wurin da aka rataya majigin.

To ƙwai ya mutu, sai me? A nan ne ake shiga wahalar da ta fi ban takaici. Kowane nau'in majigi da irin ƙwan da yake karɓa, sau da yawa ba a sa na wani a wani, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su. Makaranta ɗaya za ka samu tana da Epson, da BenQ, da Optoma, da Acer, da wasu ma da ba ka taɓa jin sunansu ba, saboda kowace shekara ɗan kwangila daban, kowa da abin da ya samu da sauƙi a kasuwa. Ba za a iya ajiye ƙwai a sito ba tunda ba a san na wanne za a ajiye ba. Sai an rubuta takarda, ta bi ofis-ofis, a ce babu kuɗi a wannan kaso, a jira. Idan an yi sa'a kuɗin ya fito, a aika Legas, a kawo jabu wanda zai yi wata biyu ya dushe. Kafin nan an shiga sabuwar shekarar kasafi, kuma abin mamaki, sayen sabon majigi ya fi sayen ƙwai sauƙin samun amincewa. Sabo yana da hoto da ranar ƙaddamarwa. Ƙwai ba shi da ko ɗaya.

Iyayenmu sun san majigi tun kafin a haifi waɗannan makarantu. Tun zamanin Turawa, lokacin da wani jami'in lafiya a Legas mai suna William Sellers ya fara amfani da fim wajen wayar da kan mutane game da ɓeraye da annoba, har aka kafa sashen fina-finai na mulkin mallaka a 1939, motar majigi take zagaya garuruwa. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta ci gaba da abin, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, ana nuna noman gyaɗa da auduga, da rigakafi, da rangadin shugabanni. Hanyoyin wancan lokaci sun fi na yau muni, ƙurar ita ce dai wannan ƙurar, lantarki kuwa babu shi sam a ƙauyukan. Amma majigin yana haskawa. Dalili a fili yake: motar tana tafe da janaretanta, da mai sarrafa na'ura wanda ya san cikinta da bayanta, da mai fassara da lasifika, da kayan gyara. Ba a taɓa tura na'urar ita kaɗai ba. Mu yau ita kaɗai muke turawa, mu rataye ta a silin, mu ce Allah ya kiyaye.

Saboda haka roƙona na farko, wanda kuma ya fi sauran nauyi, shi ne kada hukumarku ta sake amincewa da wata buƙata ta sayen majigi sai an haɗa da wutarsa a cikin takarda ɗaya. Ba abu ne mai tsada ba idan aka kwatanta da kuɗin ginin. Majigin aji yana cin wajen wat 300. A awa 6 bai kai yunit 2 ba. Ko da farashin lantarki na rukunin A, naira 225 kowane yunit, da aka sanar a Afrilun 2024, wanda ya sa makarantu da yawa kuka, wutar majigi ɗaya a yini ba ta kai naira 500 ba. Na'urar sanyaya ɗaki ce ke cinye kuɗi, ba majigi ba. Ƙaramar inbata da batir da faifan sola kaɗan sun isa su riƙe majigi da makirufo da lasifika daga safe zuwa la'asar, a ja musu layi nasu daban wanda ba a jona masa fanka ko abin dafa ruwa. Inda hakan bai samu ba, ko UPS ce a sa, wato 'yar na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, wadda za ta ba malami minti goma ya kashe na'urar yadda ya kamata. Mun ga abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layukan da ke kawo wuta Arewa, jihohi da dama suka kwashe kwanaki a duhu. An kuma ga cewa sola tana yiwuwa a makarantunmu, tunda a 2019 an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Ba kowace makaranta ce za ta samu irin wannan ba, amma kowane zaure zai iya samun ɗan nasa.

Na biyu, a bar sayen masu ƙwai. Yanzu akwai majigi mai hasken leza, wanda masu ƙera shi ke ba wa wajen awa 20,000, yana kunnuwa nan take, ba ya buƙatar dogon hucewa, wasu nau'o'insa kuma an rufe sashen haskensu yadda ƙura ba ta shiga da sauƙi. Ya fi tsada ranar saye, babu musu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 tana fifita farashi mafi sauƙi, amma cikin waɗanda suka cika sharaɗin da aka rubuta. Kenan magana tana ga wanda ya rubuta sharaɗin. Idan aka rubuta "majigi guda 20" kawai, ɗan kwangila bai yi laifi ba idan ya kawo mafi araha. Idan aka rubuta irin hasken, da yawan lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, da zafin da zai jure, da garantin shekara uku daga dillalin da ke da wurin gyara a cikin Najeriya, to an rufe ƙofar. A kuma tilasta wa kowace makaranta ta tsaya a kan nau'i ɗaya ko biyu, don sito ya san abin da zai ajiye, mu ma mu ƙware a kan abu ɗaya.

Tsofaffin ƙwayayen kuma a tanadar musu wurin zubarwa. Zaiba guba ce, Najeriya kuma tana cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan taƙaita ta. A halin yanzu bola ake jefa su, yara masu tsince-tsince suna fasawa.

Akwai kuma batun girman zaure, wanda na lura masu saye ba sa tambaya. Majigi mai lumen 3,000 zuwa 4,000 ya dace da aji madaidaici. Babban zaure mai manyan tagogi, da ranarmu ta tsakar rana tana shigowa, yana buƙatar 5,000 ko fiye, da labule mai kauri a tagogin da ke kusa da allo. Labulen nan kusan kullum ana mantawa da shi, sai ka ga ɗalibai sun manna jarida ko kwali a gilashi. Masu sana'ar nan suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: na kujerar ƙarshe kada nisansa da allo ya wuce ninki shida na tsayin hoton, idan rubutu zai karanta. Zaure mai zurfin mita 20 yana buƙatar hoto mai tsayin sama da mita 3. Na kawo wannan ne saboda yayin da ake yi yanzu na manyan allunan taɓawa masu kama da talabijin. Suna da kyau, ba su da ƙwai, ba sa tsoron hasken rana sosai. Amma mai inci 86 tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, wato amfaninsa ya ƙare a wajen mita 6 ko 7. A ɗakin mutum 30 ko 40 babu kamarsa. A zauren mutum 500 kuwa, layi uku na gaba ne kawai suke karatu, sauran kallon haske suke yi.

Kuma in za a tambaye ni, a babban zaure murya ta fi hoto. Ɗalibin da bai ga allo ba zai iya rubuta abin da ya ji, amma wanda bai ji ba ya tashi a tutar babu. Na ga malamai mata da dattawa suna fita daga lakcar awa biyu murya ta dushe, alhali a saman kansu akwai na'urar ɗaruruwan dubban naira, makirufon kuwa batirinsa ne kawai ya ƙare, ba a san wanda zai saya ba. Makirufo mai waya, da amfilifaya, da lasifika huɗu a kusurwoyi, su ya kamata a fara sa wa zaure kafin komai.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantu, nan kuma magana ta zo kanku, domin wannan ba a Abuja za a gyara shi ba. A wurare da yawa majigin lafiyarsa ƙalau, amma rimot ɗin yana cikin durowar wani ofis, mai ofishin ya tafi taro. Ko wayar da aka ja daga silin zuwa teburin malami irin tsohuwar nan ce mai shuɗin kai, VGA, alhali kwamfutocin da malamai ke riƙewa yanzu HDMI ne da su, wasu ma sai USB-C. Ɗan abin haɗin da bai kai kuɗin man mota na yini ɗaya ba, shi ke hana aiki zango guda. Na fahimci tsoron sata, an kuma yi satar. Amma maganinta kejin ƙarfe ne mai kwaɗo a jikin silin, wanda sashen walda na kowace kwalejin fasaha zai iya ƙerawa, da maɓallin kunnawa a bango, ba kulle na'ura a ofis ba har garantinta ya ƙare tana cikin kwali. Ba na son in tsawaita kan abin da ke faruwa idan tawagar hukumomin da ke sa ido kan manyan makarantu, NUC ko NBTE ko NCCE, za ta zo tantance kwasa-kwasai, yadda ake kwaso majigi daga wannan sashe zuwa wancan, a goge, a jera, bayan baƙi sun tafi kowa ya ɗauki nasa. Duk mun sani. Su ma baƙin, da yake malamai ne daga wasu makarantun, sun sani.

Malamai ma ina da ƙorafi a kansu, da girmamawa. Wasu da sun gama sai su fizge waya daga soket, ƙwai yana tafasa. Wasu su bar shi a kunne su tafi, ya kwana yana haska bango. Akwai kuma masu kwafe shafin littafi gaba ɗaya su zuba a PowerPoint da ƙananan haruffa, su juya wa aji baya suna karantawa. Wannan ba koyarwa da majigi ba ce, gara alli. Majigi yana da amfani inda ido ke buƙatar gani: taswira, yadda zuciya ke harba jini, ƙwayar cuta a ƙarƙashin madubi, bidiyon gwajin da ɗakin gwajinmu ba shi da kayan yinsa. Malamin lissafi kuwa allo yake so, yana rubutu ɗalibai suna bin hannunsa mataki-mataki, don haka a daina kafa farin allon majigi a tsakiyar allon rubutu yana rufe shi. A matsar da shi gefe, a bar wa malami duka biyun. Mu a kwalejin ilimi abin ya fi shafarmu, tunda waɗanda muke yayewa su ne za su shiga firamare da ƙaramar sakandare, abin da suka ga ana yi shi za su yi.

Ranka ya daɗe Babban Sakatare, na san hukumarku ba ta biyan albashi, ba kuma ita za ta ɗauki ma'aikata ba. Amma kuɗi a hannunku suke, kuna kuma da ikon gindaya sharaɗi kafin ku saki kaso na gaba. Ku nemi kowace makaranta ta rubuta sunan ma'aikacin da ke kula da kayan kowane zaure, ta nuna cewa an horar da shi, yana da tsani da abin hura ƙura da wayoyin canji. Cikin kuɗin horar da ma'aikata da kuke bayarwa, a tuna da irinmu. Mako ɗaya a wurin dillalin na'urar ya ishe mu. A ware wani ɗan kaso daga kuɗin sayen kaya, a ajiye shi don gyara na shekara uku, kada a taɓa shi don wani abu. Idan jami'anku na sa ido sun zo, kada su tsaya a ofishin shugaba da rajistar sito. Su zo ba tare da sanarwa ba, ranar karatu, cikin Fabrairu idan hazo ya sauka, su shiga zaure biyar da suka zaɓa da kansu, su ce a kunna. Adadin da ya kawo haske shi za a rubuta a rahoto, shi kuma za a duba kafin a amince da sayen wasu.

Kafin a sayi ko guda ɗaya sabo a bana, ina roƙon a umarci makarantu su fito da waɗanda ke sito a gwada su ɗaya bayan ɗaya. A abin da na gani da hannuna, da yawansu soso ne ya toshe, ko fis ya ƙone, ko ƙwai ake nema, kuma za su koma aiki da kuɗin da bai kai na sabo ɗaya ba.

Na gode da lokacinku. Allah ya taimake ku, ya yi muku jagora.

Naku,
Wani ma'aikacin sashen kayan koyarwa a wata kwalejin ilimi ta Arewa.